Kwalin Da Aka Maƙala Wa Inna A Kunne

Ko zan manta da komai na zamana a Kibiya, ban da satin da surukata ta hana rubutu kwana a gidanmu. Har yau in na tuna sai dariya ta kama ni, in ta lafa kuma sai gabana ya faɗi.

Ɗana na fari ne sanadi. Yaron nan bai cika shekara uku ba ya fara karatu, kuma wallahi babu wanda ya koya masa. Buhun taki, gwangwanin tumatir, kalanda, rubutun bayan motar haya, duk abin da idonsa ya sauka a kai sai ya karanto shi tsaf, Hausa ko Turanci. Amma ka ce masa, "Kana jin yunwa?" sai ya maimaita maka, "Kana jin yunwa?" Ka kira sunansa, ko waiwaye. In ƙishirwa ta kama shi ba zai ce ruwa ba, sai dai ya tsaya a gaban randa yana karanta tambarin kofi.

Uwar mijina, wadda muke kira Inna, da farko ba ƙaramin taƙama ta yi ba. Kun san wasan kaka da jika, mai gidana take ce masa. Baƙuwa ba ta gama gaisuwa ba za ta miƙa masa kwalin ashana, ta ce, "Mai gida, nuna musu malami na aura." Ya karanta, a yi ta salati. Babu wanda ya taɓa tambaya ko ya san mece ce ashanar.

Wata shekara, lokacin da ake bugun wake a tsakar gida, sai yaro ya tsiri kuka. Ba ci, ba wasa, sai buga kai da bango. A tambaye shi me ke damunsa, ya mayar da tambayar. Yana kukan kuma yana karanta buhu. Maƙwabta suka shigo dubiya, kowacce da nata ilimin. Wata ta ce karatun ne ya dafa masa ƙwaƙwalwa, wata ta yi ƙasa da murya ta ce ai dama ba shi ke karatun ba, mutanen ɓoye ne ke karanta masa.

Nan take Inna ta kafa doka. Aka sauke kalanda, aka ɓare takardun jikin gwangwani, aka juya buhuna suka fuskanci bango. Mijina ya dawo daga gona da riga mai rubutu a ƙirji, a zaure ta tsare shi sai da ya juya ta bai-bai. Sannan ta ce jibi za a kai yaron wurin wani mai magani can wani ƙauye, a yi masa hayaƙi.

Ni kuwa bakina a ɗaure. Ɗan fari ne, uwa ba ta kama sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban surukai. Sai in shige ɗaki in sha kukana, in fito in ce hayaƙin murhu ne. Ga yaro ya ƙara rikicewa, an raba shi da abu ɗaya da ke kwantar masa da hankali. Na ji tsoro ƙwarai. A ɓoye na buga wa ƙanwata waya, wadda ke koyar da ƙananan yara a Rano. Ita kam kunyar nan ba ta hau kanta ba, ga baki.

Washegari da hantsi ta sauka daga acaɓa. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta dubi yaron, sai ta ce, "Inna, ku ba ni aron jikinku."

"Jikina? Ke 'yar nan, ki yi me da shi?"

"Mijinku zan yi wa magani. Ko kun fi son ku yi takaba?"

"Tir da bakinki," in ji Inna, amma ta gyara zama.

Ƙanwata ta yayyaga kwalin taliya, ta ɗauki gawayi ta rubuta kai, kunne, ciki, ƙafa. Ta soke ɗaya a ɗankwalin Inna, ta maƙala ɗaya a bayan kunnenta, ɗaya a bakin zani, ɗaya ta ɗora mata a ƙafa. Inna ta ce, "Oh ni! Na kori rubutu daga gidana, yau ga shi a jikina, kamar kayan kanti."

Yaro ya hango baƙaƙe, kukan ya tsaya cak. Ya taho yana shessheƙa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya karanta, ƙanwata ta taɓa wurin a jikin Inna, ta taɓa a jikinsa. Sannan ta rubuta a daɓe, "Ciwo yana," ta ajiye gawayin, ba ta tambaye shi komai ba. Ta san halinsa, ba ya iya ganin layi a yanke. Ya karanta, ya jira. Ya sake karantawa. Sai ya miƙa hannu ya zare kwalin da ke kunnen Inna, ya ajiye a ƙarshen layin.

"Ciwo yana kunne," ya ce, ya dafe kunnensa na dama.

Tun da aka haife shi, ranar ce ya fara gaya mana wani abu game da kansa. Aka haska fitilar waya, sai ga ƙwayar wake can ciki, ta kumbura. Ban san sa'ad da na sure shi ina kiran sunansa da ƙarfi ba, a gaban Inna. Ita kuma, Allah ya saka mata, ta yi kamar ba ta ji ba, ta ce a nemo mota.

A asibitin Rano aka ciro waken, aka ce da an ƙara jinkiri da kunnen ya samu matsala. Daga baya wata likita a Kano ta gaya mana abin nasa yana da suna, haifaleksiya: yaro ya riga sa'o'insa iya karatu nesa ba kusa ba, amma fahimta da hira su yi masa nauyi. Ta ce kada a hana shi, a riƙa haɗa masa rubutun da abin da yake nufi. Inna har gobe ba ta iya faɗar sunan, shi kuwa a jikin katin asibiti ya karanta mana.

Muna komawa gida ta soke dokarta da kanta. Randa, ƙofa, turmi, duk ta sa aka rubuta musu suna da gawayi, akuya ce kawai ta tsira don ta ƙi tsayawa. Yanzu yaron yana firamare, yana hira daidai gwargwado, har yana ce wa Inna ya sake ta in ta hana shi ƙosai.

Abin da na koya shi ne, yaro irin wannan yabo kawai bai ishe shi ba, tsoro kuma cutar da shi yake yi. Yana iya karanta duk rubutun kasuwar Kibiya ya kasa cewa kunnensa na ciwo. In rubutu yake ji, to a yi masa magana da rubutu, ko da a jikin kakarsa za a rubuta.