Fiton da Kawu Pang Ya Ƙi Yi

Pang Kam-shui ya zo Hong Kong daga Shandong yana saurayi, ba shi da wata sana'a sai sanin doki. Ya fara da kwashe kashi a bargar dawakin tsere. Da finafinan takobi da dambe suka samu kasuwa, wani kamfani da ke bayan Sai Kung ya ɗauke shi ya riƙa kula da dawakinsa. Duk tsofaffin 'yan tsere ne da aka sallama, an saye su da arha, ba wanda ke jin zafin asararsu.

A wancan zamanin, in labari ya ce an harbi mahayi yana sukuwa, hanya ɗaya ake bi. Sai a ɗaura siririyar waya a ƙafafun dokin na gaba, a ɗaure ɗaya bakin a turken ƙarfe, a sake shi da gudu. In wayar ta ƙare sai ta fizge ƙafafun, dokin ya kife da ka. Mahayin ya san inda zai faɗi, har yashi ake zuba masa. Dokin bai sani ba. Wasu sukan tashi, wasu kuwa motar mahauta ke zuwa ɗaukarsu.

Pang bai taɓa yin gardama a kan haka ba. Sai dai ya zaɓi wata farar goɗiya mai sanyin hali, wadda ya raɗa wa suna Awara, ya haƙa rami a bayan barga ya cika shi da ƙaiƙayin shinkafa, ya shiga koya mata faɗuwa. In aka ja linzami hagu aka taɓa kafaɗarta, sai ta zube ta gefe, ta kwanta kamar matacciya. Ko ganga aka buga a kanta ba ta motsi, sai ta ji fiton Pang, irin wanda ake kiran dabbobi da shi a ƙauyensu. Tunaninsa shi ne, dokin da ya iya faɗuwa da kansa ba mai buƙatar sa masa waya.

Ta yi haka a finafinai da dama, har Darakta Mok ya zo ɗaukar wani fim na yaƙi. Ina wurin ranar, jaridarmu ta aike ni hira da jarumin fim ɗin. Lok, wanda sana'arsa faɗuwa a madadin jarumai, ya hau Awara ya sukwano ta, ta zube yadda aka koya mata. Pang ya yi fito, ta miƙe tana karkaɗe ƙura.

Mok ya cire sigari daga bakinsa ya ce, "Tsoho Pang, wannan faɗuwa ce ko kishingiɗa? Kakata ma ta fi ta saurin hawa gado."

"Darakta, in ka matso da kyamara ƙasa, ba wanda zai gane."

"Mai sayar da kifi ya biya kuɗin sinima don ya ga doki yana barci? A kawo waya."

Pang ya ce akwai wasu dawakin a barga. Mok ya ce an riga an ɗauki jarumin a kan farar goɗiya tun farkon fim, ba za ta koma baƙa don tsoho yana sonta ba. Ba ƙarya ya yi ba, kuma goɗiyar ta kamfani ce.

Lok ya matso ya ce a hankali, "Kawu Pang, in ka bar wa mutanen kayan aiki, a kan ƙashi za su ɗaura mata wayar. Gara kai."

Pang ya naɗe ƙafafun da fata mai laushi, ya ɗaura wayar da hannunsa. Ita ta ɗaga masa ƙafar, kamar yadda take yi kullum in zai duba kofatonta.

Ta taho da gudu, wayar ta miƙe, ta wuntsila a iska ta faɗi. Lok ya mirgina cikin yashi ya tashi lafiya. Aka tafa. Awara tana kwance ba motsi, kowa na cewa goɗiyar nan ta iya wasa. Pang kaɗai ya ga yadda ƙafafun gaban suka lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa.

Mok ya ce, "Yi mata fiton naka, mu sake ɗauka ta wancan gefen."

Pang ya ƙi yin fiton. Ya san in ya yi fito za ta yunƙura ta tsaya a kan karyayyun ƙafafu, domin abin da ya koya mata ke nan.

"Kurma ka zama? To, wani ya yi mata fiton."

Masu fitila suka yi fito, masu ɗaukar kaya suka yi, har jarumin ya gwada, ana dariya. Ba ta ɗaga kai ba. Sai Lok ya je ya duba ƙafafunta, ya raɗa wa Mok cewa sun karye. Mok ya dubi rana, ya ga da sauran haske, ya ce tun da ta kwanta daidai, a yi faɗan takobin a kewayenta. Aka yayyafa mata jan ruwa a wuya, aka ci gaba da aiki har la'asar. Sannan aka aika a kira mahauta.

A al'adar masu fim, duk wanda ya fito a matsayin gawa ana ba shi jar ambulan da ɗan kuɗi a ciki, don kore mugun abu. Da aka tashi, Mok ya miƙa wa Pang ɗaya ya ce, "Ga ta Awara." Pang ya sa hannu biyu ya karɓa, yadda ladabi ya ce a yi. Bai bar aikin ba, yana da 'ya'ya a makaranta. Ya ci gaba da ɗaura waya har aka daina yayin finafinan. Bai sake koya wa doki faɗuwa ba.

Yanzu yana zaune a Tuen Mun wurin 'yarsa. Da safe yakan sauko dandalin da tsofaffi ke rataye kejin tsuntsayensu suna yi musu fito, ya zauna a benci na can ƙarshe. Fim ɗin ya yi suna, ana maimaita shi a talabijin duk sabuwar shekara, maƙwabta su ce masa, "Kawu Pang, an sa farar goɗiyarka jiya."

Na tambaye shi ko yana kallo. Ya ce sau ɗaya ya kalla.

"Kowa takubban yake kallo," in ji shi. "Kai in an sake sawa, ka dubi kunnenta. Duk tsawon faɗan nan yana juye hagu. Nan nake tsaye."