Kwanon Samira na Malam Bello

Cikin duk shekarun da na yi ina gyaran kayan lantarki a Kalgo, akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba. Ƙarshen shekarun casa'in ne. Iyalina suna gida can Argungu, ni kuwa daga ni sai rediyoyin mutane muke wuni a shago, kuma kaɗaicin yana damuna.

Wata Talata wani dattijo, Malam Bello, tsohon malamin firamare daga Gwandu, ya sauko daga motar haya rungume da kwali. Maikurowef ne, na'urar ɗumama abinci, wadda a lokacin ko a Birnin Kebbi ba kowa ya taɓa gani ba.

"Ɗiyata ta aiko min shi daga Kaduna," in ji shi. "Tun da uwatta tar rasu ba ni da mai yi min ɗumame. Shekaranjiya yay yi walƙiya ciki, yam mutu."

Ku masu koyon aikin nan, ku riƙe tsarin. A zare wuta, a sauke cajin kafasita mai tara wuta, don tana iya hallaka mutum ko da na'urar a kashe take, sannan a duba fis. Na tarar fis ya ƙone, ɗan faifan da ke rufe kafar zafi ya yi baƙi ƙirin. Na ba direban Sakkwato sautu, bayan kwana goma kayan suka iso, na gyara.

Ko wata ba a yi ba sai ga shi ya dawo da cuta iri ɗaya. Na sake gyarawa, amma yanzu na'urar tana gurnani, zafinta ya ragu. Alama ce bututun da ke ba da zafin ya fara gajiya, in ya mutu kuwa babu inda zan samo wani. Raina ya ɓaci, don ba na son a dawo min da aiki. Na ɗora laifin a kan wutar gidansa, ranar Juma'a na hau babur na tafi Gwandu.

Na auna wuta, lafiya lau. Gidan shiru, ko kaza babu.

"Baba, nuna min yadda kake yi."

Ya ɗauko tuwon da maƙwabta suka aiko masa, a cikin wani tsohon kwanon samira duk ya ɓaɓɓalle, zai tura ciki. Na riƙe hannunsa.

"Baba, ƙarfe ba ya shiga nan. Shi ke kawo tartsatsin."

"Na sani, ɗana, yarinyar ta gaya min. Amma shekara arba'in cikin kwanon ga nika cin tuwo. In na sa a wani, ba ya wuce min."

Ga tangaran ɗin da 'yarsa ta haɗo masa, ko fito da shi daga leda bai yi ba. Na ɗumama tuwon a ciki, na juye a kwanon samira, na rufe, na ajiye gabansa.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce, "Ashe juyewa ce kawai. Marigayiya ita ka juye min, shi ya sa ban tuna ba." Sannan ya turo min buta. "Wanke hannu."

Rabona da cin abinci kwano ɗaya da wani, wata huɗu ke nan.

Sau biyu na buɗe na'urar nan na auna komai, ban taɓa tambayar mai ita abin da yake sa mata ba. Tun ranar, kafin in kwance notin farko sai na tambayi mutum yadda yake zaune a gidansa. Na'urar Malam Bello ba ta sake lalacewa ba, amma har ya rasu duk Juma'a sai na je duba ta, shi kuma bai taɓa ce min lafiyarta lau ba.