Rabon Jalo

Sunansa na yanka Aƙilu, amma in ka tambayi Aƙilu a unguwar Limancin Kona ba wanda zai gane wa kake nufi. Bahago kowa ya sani. Sana'arsa haƙar rijiya da yasarta, kuma tun yana saurayi tare suke aiki da abokinsa Jalo, in ɗaya ya shiga rami ɗaya ya riƙe igiya.

Lokacin yaƙin basasa aka yi ta kira a rediyo mutane su sayi takardar ajiya ta gwamnati, wadda in ta daɗe za a biya mutum kuɗinsa da ƙari. Suka haɗa ladan wani aiki suka sayi guda ɗaya, aka rubuta sunayensu biyu. Ba a jima ba rijiya ta rufta da Jalo a gidan wani malami. Aka yi ta tono ƙasa tana ƙara zubewa, har dattawa suka ce a haƙura. Aka cike ramin, liman ya yi masa salla a bakin wurin.

Bahago ya ci gaba da aiki da wasu, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya. A bazarar 1988 gwiwoyinsa suka ƙi, ya ga gara ya kama rumfa a kasuwa ya riƙa sayar da guga da igiya. Ya zaro takardar daga ƙasan akwati ya nufi gidan waya.

Akawun ya karanta ya ce, "Baba, suna biyu ne a nan. Ina Jalon?"

"Ya rasu."

"To sai an kawo shaidar rasuwa daga kotu. Nemi waɗanda aka yi abin a gabansu."

Tun ranar da abin ya faru Bahago bai sake taka gidan malamin ba. Ya je bayan azahar. Malamin ya daɗe da rasuwa, saura matarsa Rahmatu, tsohuwa tukuf. Ta ce a shigo da shi. Rana tana dukan tsakar gida, ƙasa duk ta tsattsage don zafi, amma daidai inda rijiyar take akwai da'ira baƙa, a jiƙe, kamar yanzu aka zuba ruwa.

Ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta ce, "Ni ban ga gawa ba, Bahago. Ba zan rantse a kan abin da ban gani ba."

"Inna, ai kowa ya san yadda aka yi."

"Na san ya shiga. Wurin nan bai taɓa bushewa ba, kaji ma zagaye shi suke yi. Wani lokaci ina shara sai in ji ana ƙwanƙwasawa daga ƙasa, kamar ana buga guga da ƙarfe. A yi shiru, a sake."

Bahago ya ji tafin hannuwansa suna zafi. Haka Jalo yake yi in yana son a jawo shi, kuma daga Bahago sai Jalo suka san wannan. Ya durƙusa ya kara kunne a ƙasa. Bai ji komai ba, sai ƙamshin danyar laka da ya cika masa hanci. Ya daɗe a haka, har Rahmatu ta ce ya tashi kada yara su gani.

Daga baya mai unguwa da wasu dattawa biyu da aka yi tonon da su suka raka shi kotu, alƙali ya ba da takardar shaidar rasuwa. Bahago ya koma gidan waya. Akawun ya shimfiɗa takardar ajiyar a kan kanta, ya nuna masa inda zai dangwala yatsa. Bahago ya dangwala. Da ya ɗaga hannu, sai ga gurbin da ke gaban sunan Jalo ya jiƙe, daidai faɗin babban yatsa. Akawun ya ɗaga kai ya dubi rufi. Ba a yi ruwa ba tun bara. Ya dubi hannun Bahago, a bushe yake. Ya goge wurin da hannun rigarsa, ya buga hatimi, ya miƙo kuɗin ba tare da ya sake haɗa ido da shi ba.

Kuɗin ba su da yawa, naira ta riga ta faɗi. Bahago ya raba biyu, ya hau bas zuwa unguwar Kongo wurin Asabe, ƙanwar Jalo, wadda take sayar wa ɗalibai abinci.

Ya ce, "Rabon yayanki ne."

Ta karɓa ta ɗaure a bakin zane. Ta ce, "Ka je gidan?"

"Na je."

Ranar Juma'a ta soya waina ta raba sadaka.

Bahago ya kama rumfarsa kusa da masu tukwane, cinikin yana ciyar da gida daidai gwargwado. A damunar 1995 zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu a ɗakinsa, 'ya'yansa suna zaune kusa da shi.