Takalman Yaya Sale a Bakin Teku

Funtuwa, Litinin

A wajenmu yanzu ba a kama hanya da duhu, don haka tun yammacin Lahadi muka baro Daudawa muka kwana Funtuwa. Ƙarfe biyar saura kwata na asuba motar Legas ta tashi da mu, ni da yayana Sale. Ni atamfofin shagon matata zan saro a Kwatano da Lome. Shi kuwa Inna ce ta haɗa ni da shi. Bara 'yan bindiga suka shigo garinmu, ya fita da gudu ba takalmi, ƙaya ta tsayar da shi a gonar dawa, suka kama shi. Tun da aka karɓo shi bai sake yin barcin kirki ba, kuma da takalman roba a ƙafa yake kwana. Alwala da salla kaɗai ke raba shi da su.

"Ka tahi da shi, Lawal," in ji Inna. "Ko Allah ya sa shi yi barci can."

Shingayen hanya na daina ƙirga su tun kafin mu haye kogin Kwara. Mun shiga Legas Talata da hantsi, ƙafafuna sun kumbura kamar an dafa rogo.

Kwatano, Laraba

Mun ƙetare iyakar Seme ƙarfe goma sha ɗaya, bayan awa biyu ana juya takardunmu. Tafiyar da ta rage ba ta kai awa guda ba. Alhaji Mamman, mutumin Kankara mai sayar da shanu a can, shi ya sauke mu a gidansa a Zango.

Kasuwar Dantokpa ta ruɗa ni. Ni da nake cika baki da kasuwar Sheme, sai ga ni riƙe da gefen rigar Alhaji kada in ɓata. 'Yan acaɓa masu rawayar riga sun cika titi, har da mata a kan nasu baburan, jaka a kafaɗa. Yaya kuwa duk babur ɗin da ya taho ta bayanmu sai ya waiga.

Bayan isha'i Alhaji ya ce mu tashi mu sha iska. Na ɗauka wasa yake.

"Yanzu, Alhaji? Ina za mu da daren nan?"

"Bakin teku mana. Ai yanzu gari ya waye masu."

Wallahi abin da na gani ya fi ƙarfin bakina. Ƙarfe tara na dare, ga mutane a kan rairayi da matansu da 'ya'yansu, ga kiɗa, ga masu rawa, wasu na kallon ƙwallo a ƙaton allo. Kowa ya ba titi baya! Babu mai sauraron ƙarar babur. Haushi ma ya kama ni, na rasa na wa. Muka nemi teburi nesa da masu shan giya, wata mata ta kawo mana gasasshen kifi da soyayyar ayaba, sefa dubu uku.

Loma biyu na yi, sai tatatata! ta bayanmu. Ban san lokacin da na kifar da teburin ba. Na tsinci kaina rub da ciki, Yaya ya danne kaina cikin rairayi yana cewa, "Kwanta! Kada ka ɗaga!" Ashe biki ake a wani otal, suna harba wasan wuta sama. Mutane suka kewaye mu suna dariya, kifinmu na can cikin ƙasa.

Alhaji ya yi wa mai kifin bayani da Faransanci. Dariyarta ta ɗauke. Ta tafi ta dawo da ruwa da wani kifin, ta ƙi karɓar ko sisi. Yaya ya zauna yana kallon wutar tana bajewa a sama, ja da kore.

"Wai nan don murna suke wannan ƙara?" ya tambaya.

"Don murna, Malam Sale."

Daren nan ma da takalmansa ya kwanta, ina jin juyinsa har asuba.

Lome, Juma'a

Awa huɗu muka yi a tasi, har da tsayuwar iyaka. A babbar kasuwa mata ne ke riƙe da cinikin atamfa, kuma wadda na saya a wajenta ta iya Hausa har ta fi ni iya ciniki. Na sari turmi ashirin.

Da la'asar muka gangara bakin ruwa, don a Lome teku na nan gefen titi. Muka yi salla a kan rairayi. Da muka sallame na sa takalmina, na ga Yaya bai taɓa nasa ba. Ya miƙe ya nufi ruwa, igiyar ruwa ta zo ta rufe masa idon sawu, ya ja da baya da ihu, sai kuma ya fashe da dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin a ɗauke shi. Ya dawo ya miƙe a inuwar kwakwa. Kafin in gama ɗaure kayana yana minshari, ƙafafunsa a waje, duk tabon ƙaya. Na zauna ina gadin takalman nan har magariba ina kuka, ban tashe shi ba.

Daudawa, Talata

Mun iso gida ƙarfe huɗu na yamma. Inna ba ta tambayi tsaraba ba.

"Ya yi barci?"

"Ya yi, Inna."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Alhaji Mamman, da matar nan mai kifi da ban ko san sunanta ba. Da asuba zan wuce masallaci na ga takalman Yaya a ajiye a ƙofar ɗakinsa. Na tsaya ina kallonsu, sannan na dubi ƙafata. Ni da nawa na kwana.