Takardar da Malam Aƙilu Ya Kankare

Shekara ashirin Malam Aƙilu na Kwarbai yana sayar da duro. Fanko yake sayowa daga wani kamfanin maganin ƙwari, mutanen cikin gari su saya su tara ruwa. Kowane duro yana zuwa da takardar gargaɗi a manne, mai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa. Shi kuwa kankare ta yake yi da wuƙa, wai hoton mutuwa korar ciniki yake.

Shekarar da famfo ya ɗauke wata biyu, matarsa Asama'u ta zaɓi wanda ya fi ƙyalli ta cika shi da ruwan sha. Ina za ta sani? Da ciwo ya kayar da ita, likita ya nemi sunan gubar don ya san abin da zai ba ta. Sunan yana jikin takardar da Aƙilu ya kankare. Kwana huɗu ta yi, Allah ya karɓi abinsa.

Har yau yana sana'arsa, amma wuƙar ya jefar. Jiya wata mai saye ta ce masa, "Malam, cire mana wannan mummunan hoton mana."

Ya daɗe yana kallon duron.

"Hajiya, na taɓa cirewa."