Bokitai a Ajin da Muka Gina da Sunan Baba

Shekara bakwai ke nan a wannan damina da rasuwar mahaifinmu, Malam Garba mai hatsi, Allah ya jiƙansa. Na so a ce bana da labari mai daɗi zan tuna shi. Amma wallahi da kunya nake wannan rubutu.

Baba ba magini ba ne, fataucin masara da dawa yake yi tsakanin Malumfashi da Funtua. Sai dai ya yi gine-gine: sito, shaguna, gidan da muka tashi a ciki. Kuma bai taɓa ba wani aiki da rani ba. Idan aka kawo masa ɗan kwangila, sai ya tambaye shi gidajen da ya gina, ya jira har ruwa ya sauka sosai. Ranar da aka wuni ana marka, ya ɗauki Inna a bayan babur, su nufi ɗaya daga cikin gidajen, ko a Danja yake. Shi ya tsaya a zaure suna gaisawa da maigida, Inna ta shige ciki wurin mata. Cewa yake maigida zai rufa wa magini asiri, amma matar da ke janye katifa idan hadari ya taso ba ta da dalilin ɓoyewa. Abu ɗaya Inna ke dubawa, inda ake tara bokiti. Mu kuwa dariya muke yi, muna cewa Baba ya mayar da Inna sufeton gini.

Bara muka haɗu, mu 'ya'yansa, muka ce mu gina wa matan auren unguwarmu ajin karatu, ladan ya je masa. Ana cikin shawara sai mijin ƙanwarmu Hadiza, Alhaji Bala, ɗan kwangila ne a Funtua, ya ce, "Haba Yaya, ina raye za a kira bare?" To, me za ka ce wa suruki? Kowa ya dubi ƙasa, aka ce Allah ya sa albarka. Ba wanda ya tambayi ginin da ya taɓa yi. Inna na zaune a ɗakinta, ko shawararta ba mu nema ba. Kafin azumi an gama, an yi fenti, an kafa allo da sunan Baba ɓaro-ɓaro a bakin ƙofa.

Da damina ta kankama, wata rana ana ruwa Inna ta aiko in same ta a ajin, don ita ma tana zuwa karatun. Na shiga na tarar mata sun cure a kusurwa ɗaya, sun rungume littattafai a cikin hijabi. Bokitai da robobi jere a tsakar aji, silin ya kumbura ya yi ciki, ga tsaga daga saman taga har ƙasa, yatsana na shiga. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sani, ga ladan da kuka aika wa ubanku." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Na sha tambayar kaina me Baba zai ce. Ba na jin zai zagi Alhaji Bala. Mu zai kalla, irin kallon nan nasa ta saman tabarau, ya tambaya ko kunyar suruki ta fi ran matan mutane. Yau ana zaɓen magini da hotunan waya da girman motarsa, ko don ɗan uwa ne. Mu da muka ga yadda ake yi da idonmu, ba mu da wannan uzurin ma.

Washegari na rufe ajin, karatu ya koma zaurenmu. Na je Funtua na faɗa wa Alhaji Bala cewa za a rushe bangon, kuma ba shi zai sake ginawa ba. Ya ce na ci masa mutunci a gaban dangi. Hadiza har yau ba ta ɗaga wayata, kuma abin na ci mini rai. Allon sunan Baba ni na cire shi da hannuna, yana jingine a ɗakina, ba zai koma ba sai sabon ginin ya ga damina.

Sito da shagunan da Baba ya bari suna nan ƙalau, amma na gane ba su ne gadon ba. Gadon shi ne haƙurin jiran ruwa, da sanin wa za a tambaya. An kwatanta mana wani magini a Kafur. Ranar Asabar da ta wuce gari ya waye da marka, na ɗauki Inna a mota muka nufi wani gida da ya gina. Da muka isa na yunƙura zan bi ta, sai ta juyo tana gyara mayafi ta ce, "Ina za ka? Tsaya a zaure, inda ubanka ke tsayawa."

Na tsaya.