Yaya da Gashin Bakin Mage

Gara in faɗa tun da wuri: har yau ban iya bayanin aikin yayata ba. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce, "Harkar eksire take yi," in yi maza in sako zancen tsadar mai. Shi ya sa masu targaɗe da masu ciwon ƙirji suka sha yin sallama a ƙofar gidanta, alhali ko ɗan yatsa ba ta taɓa ɗaukar hotonsa ba. Ga shi ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma duk dangi ni aka ga ya dace in yi mata jinjina.

Abin da na gani da idona dai ga shi. Takan isa ɗakin gwaji kafin masu shara, ta sa rigar sanyi ko da gari na tafasa, ta shige wani ɗaki mai sanyin firji da ba a kunna komai a ciki sai jar fitila. Ba a shiga da turare, ba a buga ƙofa. Sai ta zauna tana ɗiga ruwa a wani faranti mai ramuka, ta rufe, ta jira. In an dace, wasu 'yan tsakuwoyi kamar gishiri su tsiro a cikin ɗigon, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Uwar Gishiri ake ce mata a wurin aiki.

Na taɓa tambayarta gishirin mene ne.

"Furotin ne, Auta. Irin wanda ke motsi in haske ya taɓa shi."

"Na cikin wake?"

"Ka taɓa haska wake ya motsa?"

Ta ce akan kai tsakuwoyin wata ƙatuwar na'ura a wani gari mai nisa. A haska musu hasken leza don furotin ya fara motsi, nan take a harbe su da eksire a ɗauki hoto. A yi wa dubbai haka, kowace a wani mataki na motsin, sannan a jera hotunan su zama fim.

"Fim ɗin minti nawa ne?"

"Kafin ka ƙifta ido an yi shi sau biliyoyi."

Na ce, "Madalla." Abin da nake cewa ke nan in an bar ni a tasha.

Ita na'urar layi ake bi, kuma layin da tsawo. Bana aka ba su dama, ta ƙarshe kafin Yaya ta ajiye aiki. Furotin ɗin kuwa ta kwashe fiye da rabin aikinta tana renonsa, ba ta taɓa ganin motsinsa ba. Ana shirin tafiya sai gishirin ya ƙi tsirowa. Farfesansu ya ce min kullum sai ta leƙa madubi, ta ɗago, ta gyara tabarau, ta sake haɗa ruwa. Ba ta zagi kowa ba. Ni da tuni na zagi na'urar da wanda ya ƙera ta.

Ana nan sai ta kira ni a waya.

"Auta, magenku tana nan?"

"Tana nan. Lafiya?"

"Gashin bakinta nake so. Kada ka tsige, kada ka yanke. Wanda ya faɗi da kansa."

"Yaya, boka kika fara bi?"

"Kai dai nemo min, sarkin surutu."

Ashe da gashin ake taɓa tsohuwar tsakuwa, a ja shi a kan sabon ɗigo, burbushin da ido ba ya gani ya zama iri. Nata da ta daɗe da shi ne ya karye. Akwai na roba da ake sayarwa, amma ta ce ba shi da ladabi. Na tambayi Farfesa ko ya san da wannan, ya ce ai tsohuwar dabara ce, kowa a fagen ya sani. Wato ni kaɗai ne a duhu.

Haka ni da mai ɗakina muka wuni da rarrafe a ƙarƙashin kujeru, mage na zaune a kan talabijin tana kallonmu.

"Malam, da furfurarka," in ji mai ɗakin nawa. "In baƙo ya shigo me za mu ce?"

"Ki ce masa bincike muke yi."

A bayan labule ta samo shi. Na kai wa Yaya shi a cikin gidan tabarau, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Mai sharar ɗakin ce ta ba ni labarin sauran. Ta ce wata safiya ta ji Yaya tana hamdala ita kaɗai. Tsakuwoyi sun jeru a kan layin gashin kamar tururuwa. Daga su ta samo iri ta rena dubbai, ta riƙe su a cinya har garin na'urar, ta ƙi yarda a sa su cikin kaya.

Furotin ɗin ya motsa. An nuna min fim ɗin: wasu dunƙule-dunƙule kore da ja, ɗaya ya ɗan karkata. Na juya in tambaya ko shi ke nan, sai na ga Yaya tana share hawaye. Rabon da in ga haka tun rasuwar Baba. Na haɗiye tambayata.

Ke ce, Yaya, kika ƙarar da ƙuruciyarki a ɗakin sanyi don a ga abin da ke faruwa cikin halitta kullum ba wanda ya lura. Uwar Gishiri, mai renon abin da ba ya kuka. Ban gane aikinki ba, amma na gane haƙurinki, tunda ni ma da shi kika rene ni. Mun gode. Allah ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma matasa, ku yi koyi da ita. Ku koyi zama, ku koyi jira, ku riƙe aiki ko da ƙanenku bai san sunansa ba.

Sai dai ku nemi wani wurin. Albarkacin fim ɗin an ba su tallafi, sun sayo inji mai ɗiga ruwan da kansa, kuma ba za a ɗauki kowa a gurbinta ba.